Rigar Aro a Gaban Jirgi

Abu na farko da na rasa a ƙasar nan shi ne akwatina. Mu bakwai muka sauka, wani direba ya tarye mu da takarda mai sunayenmu, ya ce mu shiga bas, kaya kuma wata mota za ta biyo mu da su. Har yau motar nan ba ta iso ba. A cikin akwatin akwai kaftanina uku, da huluna biyu, da yajin da ƙanwata Saude ta daka mini. Na shiga ƙasar mutane daga ni sai kayan jikina.

Sunana Habu. Shekara tara na yi ina makanikin injin saƙar buhu a wani kamfani a Sharada. Da rashin wuta da tsadar dizal suka sa aka mayar da mu shif ɗaya, sai wani ejan ya ce akwai masana'anta a wata ƙasar Larabawa ta bakin teku da ke neman irinmu. Ba zan faɗi sunan ƙasar ba, balle na kamfanin jirgin da zan yi magana a kansa, domin matar da ta taimake ni har yanzu a can take cin abinci.

Masana'antar da aka yi mini alkawari ashe wata rumfar kwano ce a bayan gari, inda ake tsintar tsofaffin robobi ana niƙawa. A ranar aka karɓe fasfo ɗinmu, wai don kada ya ɓata. Aka ba ni safar hannu da takalmin sefti mai ƙarfe a baki, aka nuna mini tsibin gorunan ruwa. Na ce wa foman ni makaniki ne. Ya ce kowa ma da ya zo haka yake cewa.

Wata goma sha shida na yi a wurin, kuma ban taɓa jin na zauna ba. Ko a kan gado nake, ƙafata na kaɗawa. Ƙarfe biyun rana na yi sai kunnena ya jira jiniyar canjin shif ta Sharada, da hayaniyar 'yan adaidaita a bakin get suna kiran Panshekara da Sabon Titi, da mai ƙosan da ke ƙara mini biyu in ta ga na fito a gajiye. Har warin kwatar majemu ta Challawa, wadda muke toshe hanci in za mu wuce ta zuwa ƙauyenmu, sai da na yi kewarta. Wanda bai bar gida ba ba zai yarda da wannan ba.

An raba ni da waɗanda muka zo tare. A ɗakinmu mutum takwas ne, babu wanda ya san yaren wani. Wanda ke kwana a gadon samana sunansa Benito, mutumin Filifin, mai gyaran wuta. Kirista ne, ɗan gajere, kullum cikin waƙa. Da ya lura ba na taɓa tukunyarsu saboda naman alade, sai ya sayo wata 'yar tukunya daban ya ɗaura mata jan zare a hannu. Duk ran da ya dafa shinkafa da kifi, a cikinta yake dafa nawa.

Wata rana injin niƙa ya tsaya. Benito ya zura hannu har kafaɗa yana laluben waya, wani sabon ma'aikaci da bai san da mutum a wurin ba ya nufi makunni. Ina daga nesa na hango. Sifanar da ke hannuna na jefa, ta same shi a gwiwar hannu, ya saki ihu ya ja da baya. Benito ya zaro hannunsa ya tsaya yana kallon yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar ya daina kirana Habu, sai dai ɗan'uwa.

Ran wata Juma'a, mun fito cin abincin rana, Saude ta kira.

"Yaya, Baba ne. Ƙusa ya taka a gona tun kafin girbi, ya ɓoye mana. Ka san shi da suga. Ƙafar ta yi baƙi har idon sawu."

"Kuna ina yanzu?"

"Muna asibiti. Likita ya ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa, kuma kada a wuce kwana uku. Baba ya ce babu mai taɓa shi sai ka zo."

Na ce ta ba shi wayar. Muryarsa na nan da ƙarfinta, kamar yana tsaye a bakin kogi yana kiran mai shanu.

"Baba, don Allah ku bari a yi. Zan taho, amma ku bari a yi."

"Habu, ƙafar da na shekara saba'in ina takawa ba za a raba ni da ita babban ɗana ba ya tsaye ba. In ka zo ka sa hannu, su yi abin da za su yi."

"Baba, nan da nisa."

"Da ka tafi ai ka san da nisan."

Ya miƙa wa Saude wayar.

Kwana biyu na yi a ƙofar ofishin manaja kafin ya ba ni fasfo ɗina, shi ma sai da na sa hannu a takarda cewa ni na karya yarjejeniya, ba na bin kamfani komai. Na fito da fasfo a hannu, aljihu kuwa ko rabin tikiti babu. Benito ne ya ja ni gefe. Ya ce yayarsa tana aiki a kamfanin jirgin sama, kuma ana ba ma'aikata wani irin tikiti da za su iya ba ɗan'uwa ko aboki. Sai dai ba shi da kujera tabbatacciya. Za ka tsaya a bakin ƙofar shiga, in kowa ya shige aka ga saura, a kira ka.

"Ta ce ka sa kaya masu kyau," in ji shi, yana cusa mini biskit a jaka. "Ta nanata. Kaya masu kyau."

Na sa mafi kyawun abin da na mallaka. Wandon jins da na wanke na shanya a ƙarfen gado, da sabuwar tishat shuɗiya da ban taɓa sawa ba, da takalmin sefti da na goge har yana ɗaukar ido. Na dubi kaina a gilashin bas na ce ai ko ɗaurin aure na je da wannan.

Jirgin farko bai ba ni wahala ba. Akwai kujeru a baya, aka kira ni, na shiga. Ya ajiye ni a wani babban filin jirgi a wata ƙasar, inda zan canja zuwa na Kano. Jirgin Kano sau ɗaya yake tashi a rana, ƙarfe goman safe. Ranar Litinin ce.

Da na isa ƙofar na tarar da taro ya cika wurin. Masu dawowa daga Umara ne da 'yan kasuwa, kowa da jakunkuna. Na ji Hausa ta ko'ina har idona ya ciko, amma ban iya yi wa kowa magana ba, hankalina na kan kanta. Na miƙa takardata ga wata ma'aikaciya, doguwa, mai gilashi a kan hanci. Ta ce in koma gefe in jira. Na jira a tsaye. Layi ya yi ta raguwa har ya ƙare. Sai ta yafito ni.

"Baya ya cika," in ji ta da Turanci. "Amma akwai kujeru a fes kilas."

Fes kilas, wato can gaba inda manya ke zama. Na ce alhamdu lillahi, na miƙa hannu in karɓi katin shiga. Ba ta ba ni ba. Ta leƙo ta saman kanta ta dube ni daga wuya zuwa ƙasa.

"Ba zan iya sa ka a can da wannan shigar ba."

Na ɗauka Turancina ne ya gaza. Na ce ta maimaita.

Ta juyo mini da allon na'urarta ta karanta mini layi-layi. Duk mai tikitin ma'aikata da za a zaunar a gaba, ba a yarda ya sa jins ba. Ba riga marar kwala. Ba gajeren wando, ba silifas, ba kambas, ba takalmin aiki. Ta ce mai irin wannan tikitin fuskar kamfani ne.

"Madam, kayana masu tsabta ne. Duba. Jiya na wanke."

"Na gani. Ba maganar tsabta ba ce."

"To ki ɗauko mutum ɗaya daga baya ki kai shi gaba, ni ki ba ni kujerarsa. Ko kusa da bayi ne ina so."

"Ba ni da wannan ikon."

"Mahaifina yana asibiti. Za a yanke masa ƙafa."

Ta ce ta yi mini jaje, gobe akwai wani jirgin, in samo kayan da suka dace. Ta ɗauki waya ta ce a rufe ƙofa. Ina tsaye a jikin gilashi aka janye matakala, jirgin ya ja baya a hankali, ya juya, ya tafi da kujerunsa babu kowa a kai.

Na shiga yawo. Filin jirgin nan ya fi Sharada da Bompai a haɗe tsawo, ko kuwa haka ƙafata ta gaya mini, don na auna shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan ban san sau nawa ba. Akwai kantunan tufafi. Na shiga ɗaya na ɗaga takardar da ke rataye a wuyan wata farar riga, na mayar da ita a hankali kamar ƙwai. Ba ni da bizar fita gari balle in nemi gwanjo. Na zauna, na tashi. Na sha ruwan famfo, na ci biskit ɗin Benito, na koma na sake karanta allon tashin jirage kamar wani sabon abu zai fito.

Saude ta kira da la'asar.

"Yaya, kun sauka? Na turo mai adaidaita ya jira ka."

"Ban samu kujera ba."

Ban iya ce mata wando ne ya hana ni ba. Ta yaya zan faɗa wa wadda take fifita ƙafar ubanmu tana korar ƙuda cewa an tsare ni a kan kwalar riga?

Ranar Talata na koma da kayan jiya, ina fatan a samu wani ma'aikacin mai sauƙin kai. An kuwa samu wani, saurayi mai fara'a. Baya ya sake cika, gaba akwai wuri. Ya dube ni, fara'ar ta ragu, ya fara karanto mini abin da na riga na haddace. Muna cikin haka wani matashi ya zo ta layin manya, da gajeren wando iya cinya, da silifas na roba irin na wanka, da riga marar hannu. Ma'aikacin ya rusuna masa, ya kira sunansa, ya buɗe masa hanya.

Ban san lokacin da muryata ta tashi ba.

"Wannan fa? Shi ba mutum ba ne? Ni ƙafata a rufe take, shi ga yatsunsa nan a waje!"

"Shi ya sayi tikitinsa," in ji ma'aikacin. "Dokar ba ta hau kansa ba."

"Ashe ba kaya kuke dubawa ba!"

Na bugi kantar da tafin hannu. Mutane suka juyo. Wani mai kakin tsaro ya fara matsowa. Ma'aikacin ya sunkuyo ya rage murya.

"Ka saurare ni. Tikitin nan da sunan wata ma'aikaciya aka fitar da shi. In na rubuta cewa ka tayar da hankali, ba kai za a hukunta ba. Ita za a kira. Tana iya rasa aikinta."

Kamar an watsa mini ruwan randa. Matar da ban taɓa gani ba, wadda ta yarda da ni don maganar ƙaninta kawai. Na janye hannuna daga kan kantar. Na ce ya yi haƙuri. Sau biyu na faɗa. Ni da aka hana, ni na ba da haƙuri, na ɗauki jakata na bar wurin ina jin idanun mutane a ƙeyata.

A ranar Saude ba ta tambaye ni kujera ba. Ta ce zazzaɓi ya rufe Baba, baƙin ya haura ƙwauri, likita ya zo sau biyu ya yi faɗa ya fita. Ta ce ta durƙusa ta roƙe shi, ya juya fuska bango. Sai ta ce, "Yaya, ko a ƙafa ne ka taho," ta kashe wayar.

Akwai wani ɗan ɗaki da aka keɓe don salla, a nan nake raɓewa. Ranar Laraba da sassafe ina zaune a ciki na haɗa kai da gwiwa, sai wani dattijo ya shigo rama asubar da ta same shi a sama. Gajere ne, mai jiki, da farin gemu da 'yar jakar hannu. Da ya sallame ya ɗaga waya, na ji yana cewa, "Lahiya lau na sauka. Ku gaida gida." Ban yi niyya ba, bakina ya ce, "Sannu da hanya, Baba."

Ya juyo da sauri. "A'a! Bahaushe na? Daga ina?"

"Daga Kano, Baba. Challawa."

"Ni Alhaji Isuhu, daga Maraɗi. Sin za ni, sayen kayan injin niƙa. To mi ya same ka, ɗana? Wannan ido naka bai ga kwana ba."

Wata goma sha shida ban yi doguwar magana da Hausa ido da ido ba. Na buɗe baki sai komai ya zubo, har abin da bai tambaya ba. Bai katse ni ba. Da na zo kan maganar kwala da takalmi ya ce in maimaita, na maimaita, ya riƙe gemu.

"Ikon Allah. Wato jirgin na da wuri, kai na da tikiti, tsohonka na kwance, wando ya raba ku."

"Haka ne, Baba."

"Jirgin naka ƙarhe nawa?"

"Goma."

Ya duba agogo. Ya jawo jakarsa ya zuge, ya fito da wani ƙunshi a leda. Shadda ce ruwan toka, kaftani da wando, an yi mata bugu tana ƙyalli, da hula a naɗe a tsakiya.

"Ta Juma'ata ce. Tashi mu gani."

"Baba, ku fa?"

"Can inda za ni wa ya san ni? Tashi, lokaci na tahiya."

Na shiga bayi na canja. Faɗin rigar ya isa mutum biyu irina, amma hannunta ya tsaya tun kafin wuyan hannuna, wandon kuma ya bar idon sawuna a fili. Na fito. Alhaji Isuhu ya zagaya ni, ya ja nan, ya gyara can, ya karya mini hular da hannunsa. Sai idonsa ya sauka kan takalmin sefti.

"Wannan ma sun hana, ko?"

"Sun hana."

Ya zauna a benci ya cire nasa, baƙin sau-ciki na fata, ya tura mini da ƙafa. Na zura. Yatsuna suka dunƙule, dunduniya ta ƙi shiga sai da na sa yatsa na ja. Shi kuma ya zura ƙafarsa a nawa, ya ɗaure igiya, ya miƙe ya buga ƙasa sau biyu.

"Kai, wannan ai ko tirela ta taka ni sai dai ta ba ni haƙuri."

Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, na rufe fuska da hannun rigarsa. Ya bar ni na gama.

"Baba, ina zan kawo muku kayan?"

"In Allah ya kai ka Maraɗi, ka tambaya a layin masu injin niƙa. In bai kai ka ba, ka yi Juma'a da ita ka sa ni a addu'a. Ka gaida tsoho. Ka ce masa wani ɗan'uwansa ya ce ya bar taurin kai."

Ya ɗauki jakarsa ya tafi neman ƙofarsa. Ina kallon bayansa, dattijo da babbar riga da takalmin ma'aikata, yana ɗaga ƙafa da ƙyar kamar mai tafiya a laka, har jama'a suka rufe shi.

A bakin ƙofar Kano na tarar da doguwar matar nan ta ranar Litinin. Na miƙa takardata na koma gefe. Layi ya ƙare. Ta yafito ni, ta ce baya ya cika. Sai ta ɗago ta gane ni. Ta leƙo ta saman kanta kamar wancan karon, ta dubi hula, ta dubi riga, ta gangara.

"Wannan kayan ƙasarku ne?"

"Shi muke sawa ranar idi. Shi shugabanninmu ke sawa."

"Babu kwala."

"Haka ake ɗinka shi."

Ta ɗauki waya ta kira shugabansu. Minti nawa ya yi kafin ya zo ban sani ba, ni dai na ga ana ta kai takardu ana dawowa, na ji an fara kiran sunayen waɗanda suka makara. Ya iso, wani mai furfura a gefen kai, ya duba na'ura ya ce kayan gargajiya an yarda da su in cikakku ne kuma masu tsabta. Ya dubi ƙafata. Na san abin da yake kallo, wandon da ya ɗage da safar aiki da ta leƙo. Sai na ɗan lanƙwasa gwiwa a cikin faɗin rigar, wandon ya sauko ya taɓa takalmi. Haka na tsaya a rabin tsugune, cinyoyina na rawa, ina kallonsa ido cikin ido.

Ya ce, "Ya yi," ya juya.

Matar ta ga abin da na yi. Na san ta gani, don gefen bakinta ya motsa. Ta buga katin ta miƙo mini, ta ce a hankali, "Allah ya ba mahaifinka lafiya. Yi sauri."

Kujerar da aka kai ni ta kusa kai gadona na can faɗi. Wata ma'aikaciyar jirgi ta durƙusa a gefena ta kira ni da cikakken sunana, ta miƙo mini ɗan tawul mai zafi a faranti. Na goge hannu, baƙin giris da ya zauna a tsagar yatsuna ya fito a jikin farin tawul ɗin, na dunƙule shi na rasa inda zan sa. Da jirgi ya daidaita a sama, ta dawo da wata 'yar jaka mai laushi ta ajiye mini a cinya.

"Kayan shan iska ne da silifas," in ji ta. "Kana iya canjawa ka sake."

Na buɗe. Riga ce marar kwala, da wando mai roba, da silifas. Na ɗaga kai na duba. Mutumin da ke gefena har ya canja, ya miƙe ƙafa babu ko safa. Na ƙirga kujeru huɗu babu kowa a kansu.

Na mayar da kayan cikin jakar na ajiye a ƙasa. Takalmin Alhaji Isuhu yana cin dunduniyata, ina jin danshin jini a safa, amma na ƙi cirewa. Ban san wa nake yi wa fushin ba. Aka kawo abinci kala-kala a faranti na gaske, na kasa haɗiye ko loma. Aka nuna mini maɓallin da ke mayar da kujera gado, na ce na gode. A zaune na yi tafiyar nan, a bakin kujera, idona a kan allon da ke nuna ɗan jirgi yana rarrafe a kan taswira. Ina ji kamar in sa yatsa in tura shi.

Mun sauka Kano bayan azahar. Ba ni da kayan jira, na fice. Mai adaidaita ya dubi shaddata ya ce, "Alhaji, ina muka nufa?" Na gaya masa asibitin, na ce ya bi duk inda ya fi sauri. Ta Bompai ya yanke, muka faɗa cikin tireloli suna juyawa a bakin sito, na sauka na taya shi ba wata mota hannu don mu samu mu wuce.

Tun daga bakin ɗakin na ji warin. Saude ta miƙe, ta dube ni sama da ƙasa, ta matsa mini. Baba ya rame har na ga ƙasusuwan fuskarsa. An rufe ƙafar da zane. Na durƙusa a gefen gadon.

"Baba, na zo."

Ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallona. Ya kama hannun rigar da yatsu biyu, inda ya gaza rufe wuyan hannuna.

"Wannan ba taka ba ce."

"Aro ce, Baba."

"To cire ka ninke, kada ka ɓata wa mutane kaya. Nan wurin jini ne." Ya juya wajen Saude. "Kira likitan."

Da jins da tishat na sa hannu a takardar. Washegari da safe aka shiga da shi. Ba a ƙasan gwiwa aka yanke ba, a sama ne. Da likitan ya fito na bi shi har bakin ofis, na ce ya gaya mini gaskiya, da na zo ran Litinin da an tsira da gwiwar? Ya ce ciwon ya daɗe, Allah ne masani. Yana faɗa yana duba wata takarda, bai ɗago ba.

Baba ya tashi. Ya koyi sanda, ya koyi zama a kujera a bakin gona yana ba da umarni. Ni kuma da aka dawo da shif na biyu a Sharada, tsohon fomanmu ya aiko a kira ni, na koma bakin injina.

Sai bayan wata biyu na gaya musu abin da ya tsare ni. Muna zaune a zaure da yamma, ina shafa masa magani a dungun, na ba shi labarin tun daga kanta har silifas. Saude ta tashi ta shige cikin gida. Da na gama naɗa bandeji, Baba ya dube ni.

"Wato a gaban jirgin ka zauna."

"A gaba, Baba."

"Na gaban suna riga na baya isowa ne?"

"A'a. Tare ake sauka."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya ja zane ya rufe cinyarsa.

"To miƙo mini sandata," in ji shi. "An kusa kiran magariba."